Wasiƙa daga Munik zuwa ga mai kunun Kadawa

Taubashiya! Ya gida, ya jikin Inna, ya aikin rani?

Labari ya iske ni har Jamus wai kin fara sana'ar kunun zaƙi, kina kai wa masu dashen shinkafa a Kadawa. Ke da ko ruwan zafi sai an tsaya a kanki! An ce wanda ya fara saye har yau yana laluben zaƙin a gindin kofi. Allah ya ba 'yan ƙwadago haƙuri.

To buɗe kunnenki, yau gwani ke magana. Maƙwabcina wani dattijon Bajamushe ne mai dafa giyarsa da kansa a ɗakin ƙasa. Kwantar da hankalinki, ban ɗanɗana ba, kada ki je ki tayar wa Inna da hawan jini. Ido kawai na sa. Tun 1516 aka kafa doka a nan Bavariya cewa daga ruwa sai sha'ir sai wani fure mai ɗaci za a zuba a giya, shi kuwa in yana ba da labarin sai ka rantse kakansa ne ya rubuta ta. Da na leƙa buhunsa me zan gani? Tsiro! Sha'ir ne aka jiƙa ya tsira aka busar, yadda Inna ke yi wa shinkafar Kura in za ta dama kunu.

Ga inda ya fi ki. Ma'aunin zafi na hannunsa, in ya zuba tsiro tukunya ba ta wuce digiri 65 zuwa 70, don a wannan ɗumin tsiro ke mai da gari zaƙi. Ruwa na tafasa, ƙarfin tsiro ya mutu. Ke kuwa na san halinki na gaggawa: ki sheƙa wa gasara tafasasshen ruwa, ki antaya tsiro da dankali nan take, gobe ki ce geron ne ba kyau. Bari tururi ya lafa tukuna, sannan ki zuba ki rufe. Da kansa zai tsinke ya yi zaƙi, ba sai kin ƙarar da ribarki a sikari ba. Citta da kanumfari kuma a yi sannu, ba maganin mura kike sayarwa ba.

Rabin yinin maƙwabcin nan nawa a wanke-wanke yake ƙarewa. Ki wanke robobi da abin tata da ruwan zafi. Kada kuma in ji an ɗebo miki ruwa a kanal. Audu Bako bai gina dam ɗin Tiga don kununki ba, na shinkafa da tumatir ne.

Saura babbar magana. Dattijon nan sai ya zuba yis ya yi ta jiran makonni kafin abinsa ya nuna, ke kuwa zafin Kura kyauta zai yi miki aikin. Kunun da ya wuni a rana ba ƙanƙara, ya kuma kwana, robar ta kumbura, kika buɗe ta ce "fiss", to ya kama hanyar gidan maƙwabcina. Dama daidai na cinikin yini, abin da ya rage ki rabar kafin dare. Ba na son in buɗe Facebook in ga 'yan Hisba tsaye a kan kularki, dangi na cewa ni na koya miki.

Ki gai da Inna da kowa da kowa. In an samu mai tahowa, a aiko min da gero kwano biyu da tsiron shinkafa, ladan shawara ke nan, kuma ba na bin bashi.

Taubashinki na Munik.