Yadda Sabon Wanzami Zai Zaɓi Fatar Wasa Aska

A Limawa, kamar sauran unguwannin Dutse, akwai dattawan da har yau injin aski bai hau kansu ba. Aska suka sani tun kafin garin ya zama hedikwatar Jigawa a 1991, kuma duk yawan shagunan aski, ranar suna wanzami ake aika wa ya zo da zabirarsa. Saurayin da ke son gadon zabirar nan ya san wani abu: dattijo ba ya raki a gaban mai aski. Zai cije, ya biya, ya sa hula, sannan ya kai labarin majalisa. Abin da ke tsare sunan wanzami a majalisa kuwa wani zirin fata ne da ake goga aska a kai.

Da farko ya bambance aikin dutse da na fata. Dutsen wasa cin ƙarfe yake, ya fito da sabon kaifi, shi ya sa ake daɗewa ba a koma masa ba. Fata gyara take yi. Kowane aski yana ɗan lanƙwasa bakin aska, lanƙwasar da ido ba ya gani amma ƙeya tana ji, fatar ce ke miƙar da shi kafin a taɓa kan wani. Duwatsun da suka kewaye fadar Dutse a unguwar Garu kuma a bar su su ƙawata gari. Wanda ya goga askarsa a jikinsu ya samu zarto.

Wajen zaɓe, shaiɗan zai fara nuna masa bel ɗin wandonsa. Ya yi ta'awizi. Bel yana da ɗinki da huji da fenti, da yawa ma roba ce aka yi wa kamannin fata. Tsohon takalmi ya fi shi laifi, domin ya sha yashi, ƙwayar yashi ɗaya kuwa ta isa ta yi wa aska giɓi. Abin nema shi ne kirgi, fatar saniya da majema suka jeme da bagaruwa, mai santsi, faɗin yatsa uku, tsawon kamu guda. Ya tambayi dukawa a kasuwar Shuwarin, in bai dace ba ya hau mota zuwa Ƙofar Wambai a Kano. Ya shafa ta da tafin hannu idonsa a rufe. In ya ji tabo ko ƙullutu, ya mayar wa baduku abarsa cikin girmamawa.

Za a yi masa tallar fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Fata ce ta alfarma, amma ba ta da kauri, tana miƙewa in an ja ta. In zuciyarsa ta nace, ya manna ta a kan katako mai sulɓi.

Gogawar ce inda ake gane ɗan gado. Ya ɗaure fatar a ƙusa ko reshen darbejiya, ya ja ta ta miƙe sosai, don sakakkiyar fata dakusar da baki take yi. Ya kwantar da askar, gadon bayanta da bakinta duka su taɓa fata, sannan ya ja ta bayan na gaba, kaifin na biye. In ya kai ƙarshe ya mirgina ta kan bayanta ya dawo. Kada ya danna, nauyin askar ya isa. Kada kuma ya kwaikwayi saurin maigidansa don ya burge yaran unguwa, shekaru ne suka ba maigida wannan hannu. Hirar siyasa ta jira a gama, domin yawancin fatun da aka yanka, ana tsakiyar musu aka yanka su.

Hunturu yana busar da ita, sai a shafa mata ɗan man kaɗe, kaɗan ƙwarai, a murza. Da damina a rataye ta inda iska ke kaɗawa, kada ta yi fumfuna a cikin zabira.

Nan kuma babu raha. Fata ba ta kashe ƙwayar cuta, kuma ita kanta ba a dafa ta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 ko fiye a busasshen jini tana nan da ƙarfinta. Don haka askar da ta taɓa kan mutum a wanke ta, a tafasa ta, a busar, sannan ta hau fata. Askin jariri ranar suna kuwa, sabuwar reza da aka ɓare a gaban iyaye ta fi, mai gida ma yana iya ajiye askarsa da fatarsa, wanzami ya zo da hannunsa kawai.