Bututun Numfashi Ya Iso Alakos

Makon nan wayata ta cika ta batse har ta daina karɓar saƙo, kuma ba kowa ya ja min ba sai ɗan kawuna da ya raka ubangidansa Kwatano sayen tsohuwar mota. Aikinsa a tafiyar sananne ne: ya riƙe jaka, ya tsare takardun duwan, ya kwana cikin motar kada a kwance mata madubi. Amma abin da yake zubo mana a zauren WhatsApp na 'yan garinmu, zauren da aka buɗe don sanar da haihuwa da rasuwa da kuɗin tiyar hatsi a Garazu, shi ne hotunan "hutun bakin teku da abokai". Haka ya rubuta da Faransancinsa mai ɗingishi. Yaron nan ya dawo gida tuni, yana zaune a fada yana fifita gawayin shayi, amma a waya har yanzu yana bakin teku, don da kaɗan-kaɗan yake sakin hotunan kada su ƙare kafin salla.

Ga shi ya juya wa teku baya. Ga shi ya ba ta gefe. Ga shi ya miƙa hannu yana nuna ta, wai kada wani a cikinmu ya zaci tafkin Gidimuni ne. Abokan kuwa, ɗaya direba ne, ɗaya ɗan kamasho, na ukun daga ganin fuskarsa wucewa yake yi aka riƙo masa hannu. Duk na haƙura. Wa bai taɓa jingina da motar wani an ɗauke shi hoto ba? Abin da ya tsaya min a maƙogwaro shi ne bututun.

Tabarau ne na nutso, irin mai rufe ido da hanci, haɗe da wani lanƙwasasshen bututun roba. Ya ɗora shi a goshi, bisa hula. Jikinsa shaddar sallar bara ce ta sha bugu har tana ɗaukar ido, ya naɗe wando zuwa ƙauri, takalmi a hannun hagu, waya ta biyu a na dama, ruwa kuwa iyakarsa idon sawu. A hoto na gaba ya sauko da tabarau, ya cusa bututu a baki, idanu sun firfito ta bayan gilashi kamar kwaɗon da aka yi wa naɗin sarauta. Mutum tsaye a fili, inda iskar Allah take kyauta ta ko'ina, ya biya kuɗi an toshe masa hanci yana zuƙo ta ta roba. A ƙasa ya rubuta wai yau sun sha kallon kifaye. Kifi ɗaya dai na yarda ya gani, don shi ma an turo mana hotonsa: soyayye, kan faranti, da yaji a gefe.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan Fijirose da ke Kwatano ya san tekun nan ba ta leƙe ba ce. Igiyar ruwa tana tasowa da ƙarfi ta dama rairayi, ruwan ya turbune, ga wani ja da take yi ta ƙasa wanda 'yan garin kansu suke tsoro. Masu kallon kifi da irin wannan kaya can suke yi a Zanzibar da Maldives, inda ruwa yake garai-garai. Mai hoton da ke ba da hayar bututun ya san abokan cinikinsa sarai. Ya san ba mai jiƙa masa kaya. Na rantse bututun nan ya daɗe yana zagaya bakunan 'yan arewa, yawu kaɗai ya sani, bai taɓa ɗanɗana gishiri ba.

Har "yawon tsibirai" suka yi. An kai su Ganvie, garin nan da aka gina bisa turaku a cikin tafkin Nokue, ya ce tsibiri na ɗaya. Kwale-kwale ya tsaya wurin masu sayar da tsaraba, tsibiri na biyu. Wani mutumin kirki ya bar su suka shiga gidansa kama ruwa, na uku ke nan.

Da a haya ya tsaya da ba a ji bakina ba. Sayen bututun ya yi. Motar ubangida aka bi da ita ta Najeriya, shi da bututunsa suka biyo motar haya, suka ƙetare kogin Kwara, suka bi Doso da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram da Gure, suka bar kwalta suka shiga rairayi har Alakos, ƙasar da tafki ke zuwa baƙunta da damina ya tafi kafin a gama sussuka. Aka buga ƙusa a bango aka rataye shi tsakanin kalanda da madubi.

Inna ce ta fara leƙawa. "Ɗan nan, wannan na ɗura wa maraƙi magani ne?" Ya ce a'a Inna, na shiga ƙarƙashin teku ne. Ta ce, "Allah ya sawwaƙe, me ka yar a can?" Kaka ta ce lofen Nasara ne, a nisanta shi da yara. Wani a fada ya tambayi liman ko mai azumi zai iya nutso da shi, liman ya ce a fara nuna masa ruwan da za a nutsa ɗin, sannan ya duba littafi. Sai wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa a yasar rijiya ya karɓa, ya gwada daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ya ce kamu ɗaya ma da ƙyar.

"To yaro, in ruwan ya wuce kamu fa?"

"Sai ka riƙe numfashi, Baba."

"Ashe abin da muke yi ne tun muna ɗaura bante, ba mu biya ko dala ba."

Dattijon ne ya kawo shawara. Akwai guga biyu da suka tsinke a rijiyar gari, tun da Allah ya ba mu gwanin nutso, a ɗaura masa igiya a ƙugu a sassauta shi. Rijiyar da jaki sai ya yi tafiya har ka daina jin kukansa kafin wasaki ya leƙo. Gwani ya ce ai kayan na ruwan gishiri ne, ruwan daɗi yana lalata robar.

Tabarau dai sun sami aiki. An gan shi kan babur a hanyar kasuwa, ƙura ta turnuƙe, kowa ya iso yana murza ido, shi kaɗai ya sauka da idonsa fari tas. Har 'yan kabu-kabu sun fara ba da saƙo. Bututun ne ba a samo wa sana'a ba, ko da yake mai sayar da fetur a kwalba yana ta kallonsa da wata irin sha'awa.

Kada 'yan birni su yi masa dariya, don a wurinsu ya koya. 'Ya'yan masu hannu da shuni na Kano da Maraɗi da Yamai sun mai da hutun amarci wani sabon akwati a cikin lefe. A hau jirgi zuwa Zanzibar, a shiga kwale-kwale zuwa tsibirin Changu a dafa bayan ƙaton kunkuru a yi hoto, a wuce wani tsibirin a sake hoton da gefen hagu. Amarya tana naɗe cikin laffaya da kwalliyar da ɗigon ruwa ɗaya zai iya jawo wa taron dangi, ango yana sanye da takalmin agwagwa yana tuntuɓe a kan busasshen rairayi. In sun dawo ka tambaye su me ke ƙarƙashin ruwan, sai a miƙo maka waya.

Su 'yan Maldives, Musulmi 'yan'uwanmu masu tsibirai kusan 1,200, da suka tashi yin hoto da kayan nutso da dalili suka yi. A Oktoban 2009 shugabansu Mohamed Nasheed ya tara ministocinsa suka nutsa suka yi zaman majalisa a ƙarƙashin ruwa, har da sa hannu a takarda, don duniya ta ga teku na shirin cinye musu ƙasa. Mu a ƙasar Gure rairayi ne ke ci. Tuddai suna tafiya da ƙafarsu suna binne kwarin dabino da na kanwa, talakawa suna kakkafa shingen ƙirare da kaba a rana don su tsayar da su. Ina ba da shawara: manyan nan da ke zuwa da jerin motoci duba hamada su koma kafin azahar, in sun sake zuwa a yi musu zaman a ƙarƙashin tudu, a rufe kowa har ka, bututu kaɗai a waje. Muna da guda ɗaya, sai su yi karɓa-karɓa.

Amma akwai rigar. A duk hotunan yana sanye da rigar kariyar nan mai ruwan lemo, a kan shadda, ya ɗaure ta har maƙoshi, a ruwan da ko kaza ba za ta nutse ba. Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, matafiya suka koma ƙetare kogi da kwale-kwale. Na tambaye shi ku nawa ne a ciki. Ya ce bai ƙirga ba, amma akwai babura da buhuna, kuma in ka sauke hannu kaɗan sai ya taɓa ruwa. Rigar fa? Ya ƙyalƙyale: "Haba Yaya, ai sai a ce ni matsoraci ne."

Nan dariyata ta ƙare. Yaron da bai taɓa iyo ko a kududdufi ba ya zauna kan buhu a tsakiyar Kwara da shadda da takalmi, ya bar rigar can wurin mai hoto. A ƙarshen Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi suna dawowa daga biki. Duk lokacin da haka ta faru sai mu cika wayoyi da innalillahi, mu ce kwana ne ya ƙare, washegari mu sake cika jirgin har baki, wanda ya nemi riga a yi masa ihu. Ana cewa iya ruwa fidda kai, to mu ba mu iya ruwan ba, abin fidda kan ma mun mai da shi kayan ado.

Sannan a cikin zauren nan ma'ajin kwamitin fanfo ya tura saƙon murya cewa fanfon gari ya lalace, yara da mata suna kwana a layin rijiya da jarkoki, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Hotunan kwakwa suka bi ta kansa suka danne. A duk tafiyar nan saƙon ma'aji ne kaɗai ya yi nutso. Masu tura alamar wuta da ta tafi a ƙarƙashin hoton bututu sun fi masu amsa wa ma'aji yawa nesa ba kusa ba, cikinsu har da waɗanda uwayensu ne a layin.

Abin da ke ƙara ba ni haushi, yawon tsibirai ba baƙon abu ba ne a gabashin ƙasar nan. Ka bi kwalta ka wuce Maine da Difa ka nufi Ngigmi, can Buduma suke, waɗanda suka gaji tsibiran Tafkin Chadi kaka da kakanni, suna ɗaure ciyawar ruwa su yi jirgi da ita. Shanunsu ma, shanun Kuri masu kumburarren ƙaho, iyo suke yi daga wannan tsibiri zuwa wancan neman ciyawa, hanci a sama, makiyayi na biye. Saniya ta yi abin da ɗan kawuna ya biya kuɗi bai yi ba, kuma ba ta taɓa cika wa kowa waya ba. Yau ba mai zuwa can hutu. Bayan harin da 'yan Boko Haram suka kai tsibirin Karamga a Afrilun 2015 aka umarci mutane su bar tsibiran, dubbai suka fito da ƙafa zuwa Ngigmi, masu ruwa suka koma neman ruwa a jarka irin namu.

Kudu da mu kuma, a ƙauyen Dufuna na jihar Yobe, a 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙar rijiya ya ci karo da itace a zurfin mita biyar. Da masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon mita takwas da ɗoriya, shekarunsa kusan 8,000, ba a taɓa samun wanda ya girme shi a Afirka ba. Wato a ƙasashen nan namu mutum yana iya fita neman ruwan shanu ya dawo da jirgi. Wa ya san abin da ke kwance ƙarƙashin Garazu? In an tono namu jirgin, ga shi muna da matuƙi, da tabaransa.

Kafin nan, 'yan zaure, fanfo yana nan a lalace. Ma'aji yana zama ranar kasuwa bayan la'asar, tsaba yake karɓa, ya ce a gaya muku ba ya karɓar hoto.