Madubin Amarya da Bangon Mai Gida

A Nassarawa GRA ta Kano, unguwar da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa jami'ansu, babu abin da ke tayar wa mai gidan haya hawan jini kamar ranar jere, wato ranar shirya ɗakin amarya, domin ranar ce gwaggon amarya ke tunkarar sabon fenti da guduma da ƙusar kankare don rataye madubi. Bulon siminti kuwa cikinsa rami ne, shi ya sa ƙusa ke ɓantare filasta ba tare da ta kama komai ba. Kafintoci sun fi son a huda bango, a cusa fisha, wato robar da ke buɗewa ta riƙe sukuru, sannan a raba nauyin madubin gida biyu. Gwaggo dai gudumarta na cikin jaka.