Ya Ka Ga Fim Ɗin Jiya?

Akwai tambayar da na koyi kame bakina a kanta a teburin mai shayin unguwarmu: "Ya ka ga fim ɗin jiya?" 'Yar ƙaramar tambaya ce, irin wadda ake jefawa kafin ƙwai ya soyu, amma na sha ganin ta cinye dare guda, shayi ya huce, burodi ya bushe, aminai biyu su tashi ba sallama.

Wanda ya fi saurin cafke ta shi ne mai fasa ƙwai. Kullum da rantsuwa yake farawa. "Wallahi ba zan gaya maka ƙarshen ba, amma dai ka sa ido a kan kawun nan nasa." To me ya rage? Lokacin da kashin farko na Baahubali ya fito a 2015, ya ƙare da Kattappa ya soke maigidansa ta baya, mutane suka yi shekara biyu suna jiran dalili. Da kashi na biyu ya iso a 2017, namu mai fasa ƙwan ya riga kowa zuwa shagon masu tura fim. Da daddare ya yi sallama, ba a gama amsawa ba ya ce, "Ashe uwar riƙon ce ta sa shi." Wani tela da ya biya kuɗin turi da rana, yana tanadin kallo sai ya rufe shago, ya ajiye kofinsa a hankali ya tafi gida. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Gara shi ma, yankan wuƙa ɗaya yake yi. Akwai wanda ba ya fasa maka ƙarshe don ba ya taɓa kaiwa can. Shi daga rubutun suna yake ɗauko labari. "Ana farawa dai, sai aka nuno wata mota tana tafe cikin ƙura." Ba ya riƙe sunan kowa: akwai jarumin, akwai yarinyar, akwai bos, akwai ƙaramin bos, akwai wani mai gemu da ba bos ba ne amma yana tare da su. Idan aka zo wajen faɗa sai ya miƙe tsaye, ya naɗe hannun riga, yana dishim-dishim da baki har ya kusa ture tukunyar ruwan zafi. Kana murna an kusa rabi sai ya dafa ka ya ce, "A'a, tsaya, na tsallake wani wuri, ka tuna mai gemun nan?" Fim ɗin awa uku ne. Labarinsa ya fi haka, kuma babu waƙar da yake yafewa.

A ƙarshen benci Baba yake zama, shi kuwa a wurinsa fim ya mutu tun ranar da aka daina zuwa silima. Ka ambaci kowane sabon fim, zai kalle ka da tausayi ya ce, "Yaro, kun ga fim ne ku?" Daga nan sai ya jero su kamar mai kiran sunayen 'yan'uwansa da suka riga mu gidan gaskiya: Plaza, Orion, El Dorado, Marhaba. Silima ba rufi, sama tana kallon ka kana kallon bango, in hadari ya taso kowa ya san inda dare ya yi masa. Sholay na 1975 ne ma'auninsa, kuma duk bos ɗin da bai kai Gabbar mugunta ba ɗan koyo ne. Ba ya cewa Dharmendra, sai Sarkin Ƙarfi. Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin, yadda 'yan kallon Kano suka raɗa musu. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne fassarar da su Algaita suke yi. Wai an lalata fim. "Mu da muka kalla ba ma jin ko kalma ɗaya, akwai abin da ya wuce mu?" Na taɓa tambayar sa me Gabbar yake cewa a wurin nan da ya tsare yaransa uku a kan duwatsu. Ya ce, "Faɗa yake musu mana." Gaskiyarsa kuma, faɗan yake musu.

Baba yana da ƙane a ɓangaren fim ɗin Hausa, wanda agogonsa ya tsaya a kan Sangaya da Wasila, zamanin da ake layin kaset a Ƙofar Wambai. Shi tun da Rabilu Musa Ibro ya rasu a watan Disamba na 2014 ya yanke hukuncin an gama ban dariya a ƙasar Hausa, kuma ya riƙe alkawari, bai sake dariya ba.

Amma duk majalisar babu wanda nake jin daɗin saurare kamar Malam, wanda ba ya kallon fim. Da wannan yake buɗe baki kullum: "Ni ka san ba kallon waɗannan abubuwan nake yi ba." Yara ne suka kunna, shi kuma yana wucewa zai ɗauki buta, idonsa ya faɗa. Wannan faɗawar ido tana da albarka ƙwarai, don a cikinta ya san duk abin da ya gudana a Labarina na Aminu Saira tun daga zangon farko. Ya san lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar matsayin Sumayya aka kawo Fati Washa, yana kuma da ra'ayi mai ƙarfi a kan wadda ta fi dacewa, ra'ayin da yake gabatarwa da "a yadda yaran suke faɗa." Zai yi tir da lalacewar tarbiyya, ya tambayi ina Hukumar Tace Fina-finai ta Kano take, wadda aka kafa tun 2001 don irin wannan. Sai wani ya yi kuskuren cewa abu kaza a kashi na tara ya faru. Nan take Malam zai ɗaga yatsa: "Na goma ne. Na tara ai a asibiti aka ƙare." Butar nan dai ban san ranar da za a kai ta bayi ba.

A cikin gida kuma akwai Gwaggo, wadda ba ta yarda akwai wani abu wai shi wasa ba. Ita da talabijin hira suke yi. "Kar ki sha! Ke, kar ki sha, an zuba magani!" Idan yarinyar ta sha, sai ta tafa hannu ta juyo gare mu: "Na gaya mata, kuna ji na gaya mata." Mutanen Daɗin Kowa na Arewa24 maƙwabtanta ne, tana yi musu addu'ar shiriya da suna. Tun da ta ga Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayin Baba Ɗan Audu a Labarina ta sa masa ido. Ko a liman ya fito a wani fim ɗin, da rawani da carbi, Gwaggo za ta taɓe baki ta ce, "Wannan? Ku dai bi shi salla, ni na san shi." Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin cewa sana'a ce, biyan sa ake yi. Ta ce to wannan ya fi muni, ashe har kuɗi yake karɓa.

Ɗan boko shi ba labari yake kallo ba, kuskure yake farauta. Haske bai yi ba, sauti ya yi ƙara, ga inuwar mai ɗaukar hoto a jikin bango, ga dogarin sarkin zamanin da da tabon agogo a hannu. Yana da labarin yadda aka fitar da Lionheart daga gasar Oska a 2019 saboda Turanci ya yi yawa a ciki, da yadda Najeriya ta tura Mai Martaba, fim na Hausa, a 2024. Ka tambaye shi ya ya ga Mai Martabar, sai ya gyara tabarau ya ce yana jiran ya samu natsuwa.

Akwai kuma 'yan kasuwa, da ba sa ganin mutum sai abin da ke jikinsa. Ana tsakiyar kuka, uwa ta rasa ɗa, sai ka ji daga baya: "Shaddar nan gezna ce, amma ɗinkin ya kashe ta." Dillalin mota yana yi wa jif ɗin Alhajin fim kuɗi, ya kuma rantse ta haya ce, don ya gan ta a fim uku da lamba ɗaya. Yaran yanzu su ko gajiya ba sa yi: guntun minti biyu suka gani a TikTok, data ta ƙare, amma hukunci ya riga ya fita, fim ɗin bai yi ba.

Mai shayin ne kaɗai ban taɓa jin ra'ayinsa ba. Shekara da shekaru talabijin tana bayansa, sauti kawai yake ji. Duk wanda ya ce masa, "Ko ba haka ba, maigida?" amsarsa ɗaya ce: "Ba laifi. Ƙwai nawa?"

Ni kuma, tunda an zo nan, ina da tawa dabarar. Na daɗe da gano jimlar da ta dace da kowane fim da aka taɓa yi, na Indiya ne ko na Kano ko na Turkiyya: "Farkon ya yi kyau, ƙarshen ma ba laifi, tsakiyar ce dai ta ɗan yi sanyi." Da ita na yi suna a majalisa a matsayin mai zurfin nazari. Har ɗan boko yakan gyaɗa kai.

Ranar Asabar da ta wuce na sake ta kamar kullum, ina juya cokali a kofi. Ban lura ba ashe an aiko ƙaramin ɗana sayen burodi, yana tsaye a bayana da naira ɗari biyar a hannu.

"Baba," ya ce, "ai tun ana rubuta sunaye ka fara minshari. Umma ce ta tashe ka da aka gama."

Benci ya yi tsit. Malam, wanda ba ya kallon fim, ya yi gyaran murya ya ce ai tsakiyar ce ma ta fi zafi, a nan aka kama kawun. Tela ya ajiye kofinsa a hankali.