Gizo da Dogarin Jijiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara da ruwan kogin Haɗejiya ya janye, Gizo ya bar Malam Madori ya gangara fadama noman rani. Tumatir ya yi kyau, sai tsutsa ta far masa. Gizo ya sayo fiya-fiya, wato daikulobos, dafin da hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa tun 2019, amma har yau ana ɗura shi a kwalabe marasa suna. Ya ninka awon, ya dama da hannu, ya shiga feshi da tsakar rana iska na dawo masa da shi. Da bakin famfon ya toshe, ya sa baki ya hura. 

Kafin la'asar matarsa Ƙoƙi ta iske shi kwance a kunya. Yawu na dalala, gumi da hawaye na zuba, naman jikinsa na ɓari, baƙin idonsa ya tsuke. Ta ƙwalla ihu, dabbobi suka taru. Biri ya ce a ɗura masa madara. Akuya ta ce manja, ya amayar.

Kunkuru ya iso, ya kasa kunne a ƙirjin Gizo, ya ce, "Kada a sa masa komai a baki, zai shaƙe. Ku rufe hannuwanku, ku tuɓe masa riga, ku wanke shi da sabulu, ku kwantar da shi a gefe. A kira Jaki."

Ƙoƙi ta ce, "Baba, iskokin fadama ne?"

Ya ce, "A'a, 'yar nan. Jiki masarauta ce. Ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya su ne fada. Daga nan jijiyoyin saƙo suke fita, tagwaye 12 daga kai, 31 daga laka, har ɗan yatsa. Wasu kai ke aikensu, ka ce ɗaga hannu, a ɗaga. Wasu ba sa jiran izininka, su ke kula da zuciya da hanji da gumi ko kana barci. A bakin jijiya akwai ɗan aike, sunansa asetilkolin. Ya tsallaka ya ce wa tsoka 'motsa', ya ce wa yawu 'zuba'. Da ya isar da saƙo, akwai dogari a ƙofa mai kawar da shi nan take. Fiya-fiya dogarin nan yake ɗaurewa. Sai 'yan aike su taru suna ta maimaita saƙo ɗaya, zuciya ta rage gudu, majina ta cika huhu, tsokar numfashi ta gaji. Ta nan rai ke fita."

Kura ta matso ta ce, "Malam, a ba shi zaƙami mana. Ran da na ci 'ya'yansa bakina ya bushe ƙayau, idona ya buɗe, zuciyata ta yi ta dukan uku-uku."

Kunkuru ya dube ta ya ce, "Kin faɗi rabin gaskiya. A cikin zaƙami akwai atirofin, shi kuwa ƙofar yake tokarewa, ɗan aike ya zo bai samu shiga ba. Amma wa ya san awon da ke cikin ƙwaya ɗaya? Ke da kika ci, ba kwana biyu kika yi kina sambatu, jiki zafi, fitsari ya ƙi fita ba? Samari nawa ya kwantar? A asibiti akwai shi a allura, an auna."

Jaki ya ɗauki Gizo sai asibitin Haɗejiya, Ƙoƙi na biye da kwalbar a ƙulle cikin leda. Likita Balbela ta sa masa iskar numfashi, ta yi masa allurar atirofin, ta saurari ƙirji, ta ƙara, ta sake saurara, ta ƙara, har majinar ta bushe, zuciya ta dawo daidai.

Gizo ya buɗe ido ya ce zai koma gona. Balbela ta ce, "Malam Gizo, ba yau ba. Atirofin bai kwance dogarin ba, kuma ba ya tsare ƙofar tsoka. Wani sai bayan kwana ɗaya zuwa huɗu wuyansa ke saki, numfashi ya gagara. A nan za ka zauna muna dubawa."

Ya zauna. Da aka sallame shi, Ƙoƙi ta kai shi wurin malamin gona ya koya masa awo, suka sayi safar hannu da takunkumi, tsohuwar kwalbar kuma aka binne ta nesa da rijiya da bakin kogi.

Ƙurunƙus.