Ragin Naira Ɗari Uku

Bakano bai yarda da kuɗin farko ba. Ko allura zai saya a Kurmi sai ya taya, mai kaya ya ce albarka, ya kama hanya, a kira shi ya dawo. Ni kuwa a cikin badala aka yanke mini cibiya, nan Ɗan Agundi, saboda haka duk inda aka ambaci ragi kunnuwana miƙewa suke yi. Da wannan hali ɗan yayata da ke karatu a Amurka ya jefa ni rami, ba da niyya ba.

Kirana ya yi ta WhatsApp yana murnar ya sayi babur. Ya ce a can akwai wata cibiya mai suna Motorcycle Safety Foundation, tun 1973 take koyar da tuƙin babur. A zaunar da kai a aji, a fitar da kai fili a jera maka 'yan robobi kana kewayawa, in ka ci jarrabawa a ba ka kati.

"Kawu, ina kai katin nan kamfanin inshora suka rage mini kashi goma cikin ɗari."

Maganar ta zo a kan gaɓa, domin Sufeto Janar na 'yan sanda ya riga ya sanar cewa daga 1 ga Fabrairun 2025 za a fara kama duk abin hawan da ba shi da inshorar dole, wato wadda ke biyan mutumin da ka yi wa ɓarna. Dokar tun 1945 take, amma mu abin da muka sani wata takarda ce da ake haɗo maka cikin takardun mashin, ka naɗe a leda ka cusa ƙarƙashin kujera. Daga Janairun 2023 hukumar inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, A Daidaita Sahu ta yanka masa 5,000, babur kuma 3,000.

Uwargida ce ta yi lissafin tana yankan kuɓewa. "Malam, kashi goma na dubu uku ai ɗari uku ke nan. Ko rabin litar mai ba za ta saya maka ba."

Na ce mata ragi ragi ne, kuma ba a raina shi.

Makarantun koyon tuƙi da na leƙa duk motoci ne da su. Da na ce roba-robata na zo a koya mini, wani mai makaranta ya yi dariya har da buga tebur. "Babur ai ba a koyonsa, Malam. Hawa ake yi, a faɗi, a tashi." Gaskiyarsa. A lasin tuƙi na Najeriya rukunin A na babur ne, amma yawancinmu a mashin ɗin yayyenmu muka koya ranar da suka yi barcin rana, sakamakon jarrabawar kuma a Asibitin Ƙashi na Dala ake karɓa.

Mai facin bakin ƙofarmu ne ya cece ni. Dattijo ne, tsohon ɗan acaɓa, Baba muke ce masa. Ya yi zamani da goyo har Janairun 2013, lokacin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari, gwamnati ta hana acaɓa a Kano, shi kuma ya jingine mashin ya sayi injin iska. Babban abin alfaharinsa shi ne yana cikin waɗanda suka kifa ƙwarya a ka a 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hular kwano, har labarin ya kai BBC. Har yau yana nan a kan cewa ƙwarya ta fi iska. Dubu biyar ya nema kuɗin makaranta, na taya uku, muka tsaya a huɗu. Uwargida ta ce in Allah ya ba ni tsawon rai, nan da shekara goma sha huɗu ragin zai mayar mini da kuɗina.

Ajinmu wani fili ne a gindin ganuwa, robobin Amurka kuma gwangwanayen madara ne cike da ƙasa. Na sayi hular kwano sabuwa dal, yaran unguwa suka raɗa mini Ɗan Sama Jannati, suna bina duk inda na juya.

Kada mai karatu ya raina karatun Baba. Abin da ke kansa babu shi a littafin Bature. Ya ce in ina bayan ɗan sahu kada in kalli siginarsa, tayar gabansa zan kalla, kuma in riƙa duba bakin titi, domin duk wanda ya ɗaga hannu, ko gaisuwa yake yi, ɗan sahu a nan zai tsaya cak. Akuya in ta shigo titi, ka nufi wajen wutsiyarta, ba ta da ribas. Yaro in ya tsallaka da gudu, jira na biyu, ba ya zuwa shi kaɗai. Babbar riga a tattare ta a zauna a kai, sarƙa ba ta san shadda mai tsada ba. Mai mota da ya faka yanzun nan, ba shi wuri, ƙofa zai buɗe ba tare da ya waiga ba. Da ni ne mai kamfanin inshora, duk wanda ya haddace waɗannan da na rage masa rabi.

A kan birki aka samu saɓanin malamai. Ɗan yayata ya ce an koya musu birkin gaba ne ke yin kusan kashi saba'in na aikin tsayar da babur. Baba ya ce birkin gaba ado ne, kamfani ya sa shi ne don hannun dama kada ya ji kaɗaici, wanda ya taɓa shi kuwa zai ci ƙasa. Kowannensu da inda ya yi daidai. A kwalta, mashin yana tsaye sambal, kana matsa shi a hankali, maganar Amurka ce. A rairayi, cikin kwana, ka damƙe shi gaba ɗaya, maganar Baba ce. Wannan bambanci babu wanda ya yi mini bayaninsa a cikinsu.

Ranar jarrabawa aka ce in zana takwas tsakanin gwangwanaye. Tunda aka fara aikin gadar sama a mahaɗar Ɗan Agundi, masu mashin da yawa ta lunguna suke ratsewa, haka wani mai ƙwai ya ɓullo da kiret-kiret ɗaure a bayansa sun fi kansa tsawo. Ya kafe mashin a gefen fili, ya je gaida Baba ya nemi iska. Ina karyo kwanar ƙarshe na gan shi a gabana. Ƙafata tana kan birkin baya tana jiran umarni, sai zuciyata ta tafi Amurka. Na damƙe na gaba.

Taya ta zame, muka rabu da roba-roba, kowa ya kama gabansa. Ita ta tafi a kwance, a natse, ta je ta shafi jak ɗin mai ƙwai. Mashin ɗinsa ya ɗan yi tunani, sannan ya kishingiɗa.

Kafin in kwance igiyar hular kwano jama'a sun taru, an yi shari'a, an ɗaukaka ƙara, wani mai rake ma ya rantse tun daga nesa ya ga alamar ba ni da gaskiya. Na miƙe ina kakkaɓe ƙasa, na ɗaga hannu.

"Jama'a kowa ya kwantar da hankalinsa. Ina da inshora. Ɓarnar dukiya har ta naira miliyan ɗaya kamfani ne zai biya."

Wurin ya yi tsit. Mai ƙwai ya dubi gwaiduwa tana gangara cikin rairayi, ya dube ni. "Malam, ni ƙwai na sani."

Washegari na sa kaftanin Juma'a na nufi wani ofishin inshora da buƙatu biyu. Takardar shaidar kammala karatu tana hannuna, domin Baba ya riga ya sa an buga ta a shagon kwamfuta tun kafin jarrabawa, da hotona, da dangwalen yatsansa na baƙin mai. Ma'aikacin ya karanta ta har ƙasa, ya juya bayanta, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Yallaɓai, Allah ya sanya alheri. Amma dubu ukun nan hukuma ce ta yanka, in na sayar ƙasa da haka ni za a hukunta."

Na ce to, mu koma kan ƙwai. Ya karɓi tsohuwar takardata, ya danna *565*11# a wayarsa, ya shigar da lambar mashin. Ya ce kowace inshorar gaskiya tana cikin rumbun NIID, ko ɗan sandan kan hanya ma haka zai duba. Ya sake dannawa. Ya cire tabarau.

"Yallaɓai, wa ya yi maka wannan?"

"Wani bawan Allah ne a gindin darbejiya. Mutumin kirki, har ragi ya yi mini."

Bai ce komai ba, ya dai jawo fom. Na biya dubu uku cif na karɓi ta gaskiya, wadda ya tabbatar mini ba ruwanta da ƙwan jiya.

Ƙwan jiya a ƙofar gida aka yi maganarsa bayan la'asar, a kan tabarma, yadda ake gama yawancin haɗurran garin nan. Mai ƙwai ya ƙirga asararsa, dattawa suka ce ƙaddara ce, a duba maƙwabtaka, a duba Malam ɗalibi ne. Ya yafe kiret guda, na biya sauran, aka shafa fatiha. Waɗanda suka tsage ba su fashe ba ya ce nawa ne tunda na saya, yara suka yi ta cin wainar ƙwai har ƙaramar ta fara tambaya yaushe zan sake jarrabawa.

Da magariba Baba ya aiko yaronsa. Wai ya samu sababbin ɗalibai, kuma ba ya son a ga takardar makarantarsa a hannuna, in ba da ita. In ina so ta dawo, in zo ranar da mai ƙwai ba ya fita.