Tattasan Dubai

Idan akwai abin da Allah bai rage mu da shi ba a Nguru da Gashuwa, to laka ce. Da damina ta kankama, kogi ya cika ya batse, har tsakar gida take biyo mutum, ta zare masa silifa a ƙofar masallaci ba ta ce masa gafara ba. Da ita kakanninmu suka yi ɗaki da rumbu, da ita mata ke gina randar da ke ba mu ruwan sanyi a watan Afrilu, lokacin da firji ya koma ma'ajiyar kwanuka saboda rashin wuta. To a wannan ƙasa tamu ce yau ake yin odar yumɓu daga Legas. Direba ke kawo shi, a je tasha a karɓa, a naɗe cikin leda mai ƙyalli, ja da kore da ruwan ɗorawa, kowane guntu bai fi sabulun otal ba. Kuɗin guntu ɗaya kuwa ya isa a cika maka amalanke da yumɓun fadama har ka ba mai shanu na goro.

Shi wannan yumɓu ko hanyar fadama bai sani ba. Roba ce, irin wadda ake yin fayif ɗin famfo da ita, aka cuɗa ta da launi da sinadarin da ke sa ta laushi. A Jamus aka fara shi, a gidan wasu masu yin 'yar tsana, ya shiga kasuwa da sunan Fimo a 1966, Amurkawa kuma suna da nasu mai suna Sculpey. Murza shi ake yi har ya saki, a fitar da siffar da ake so, a gasa a oban na kimanin rabin awa a zafin digiri 110 zuwa 130, ya fito da tauri. Matan can masu ɗan lambu a bayan gida suka mai da shi sana'a. Furen da suka shuka, ganyen da ya faɗo, kudan zuman da ya zo wucewa, duk sai su kwaikwaya su yi ɗan kunne da abin wuya. Daga hannunsu ya hau TikTok, daga TikTok ya sauka a wayar 'yar ƙanwata a Gashuwa, garin da tun kafa Jami'ar Tarayya a 2013 yayi ba ya kwana a hanya kafin ya iso.

Gaskiya ɗaya ce, yarinyar tana da hannu. Kayan aikinta kwalbar lemo ce ta murji, da reza, da tsinken sakace, da ɓallin tayil da magina suka bari. Takan tsinko ganyen zogale a bayan ɗaki ta danna shi a kan koren yumɓun, ta ɗaga a hankali, sai ga jijiyoyin ganyen sun fito raɗau. Furen bado kuwa ganye-ganye take yanka shi, farare tas, ta jera su kewaye da ɗan rawayan tsakiya tana riƙe numfashi. Oban ne dai babu, ko da akwai ma babu wuta, sai ta ari dabarar masu kek: tukunya, yashi a ciki, garwashi sama da ƙasa. A gashin farko wuta ta yi yawa. Warin da ya tashi ya sa maƙwabta suka aiko yaro ya tambaya ko kan sa ake babbakewa da taya, in haka ne kada a manta da su. Daga baya ta gane kan wutar, ta fitar da tattasai ja jawur da ɗan koren hancinsa, da albasa, da kuɓewa, da yalo, mitsi-mitsi gwanin sha'awa.

Kakarta ta ɗauki ɗaya ta daɗe tana juyawa, sannan ta ce, "Yanzu ke, tattasan da ake shanyawa a bakin titi mota na bi ta kai, shi za ki rataya a kunne ki tafi biki? Ai sai a ce cefane ne ya maƙale miki."

Ranar wani suna ta fita da su a faranti. Mata suka yi caa, wannan ta gwada, waccan ta ɗauki hoto, ana ta tabarakallah. Sai wata goggonta, wadda awarwaron gwal ya cika mata hannu, ta yi tambayar da ta kashe kasuwar.

"Ina aka samo waɗannan?"

"Ni na yi, Goggo."

"Ke kika yi? Da hannunki? Kai, Allah Ya yi albarka! To zuba min uku in kai wa yara."

Da yarinya ta yi ta maza ta faɗi kuɗi, wuri ya yi tsit.

"Kuɗi kuma? Abin da kika zauna a ɗaki kika murza? Ni da na goya ubanki?"

A wurinmu duk abin da aka san hannun da ya yi shi ba shi da farashi, sai dai a sa albarka. Telan gida da mai kitson gida da mai lallen gida duk sun haddace wannan karatu. Mai ɗan sauran kunya ita ce ke cewa, "Rubuta, zan aiko." Yarinya ta sayi littafi ta riƙa rubutawa. Kafin wata ya mutu littafi ya cika, asusu kuwa ko an girgiza shi ba ya motsi. An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, amma a danginmu hanjin wasu ya fi na wasu tsawo.

Wata ƙawarta mai sayar da turaren wuta da humra a Nguru ce ta ba ta laƙani. Ta ce a daina fita da su a faranti. A sayo ƙananan akwatuna a Kano, a shimfiɗa auduga, a manna takarda mai rubutun da ba wanda zai tsaya karantawa, a ninka kuɗin uku, ita za ta riƙa fita da su. In an tambaya sai ta rage murya ta ce wata Hajiya ce ta shigo da su daga Dubai, saura kaɗan. Ban ce sun kyauta ba, malamai ma sun sha wa'azi kan ƙarya a ciniki. Ni dai abin da ya faru nake faɗa. Goggon nan dai ita ce ta buɗe akwati a gidan wani biki, ta ɗaga tattasan tana juya shi a haske.

"Kun gani ko? Aikin waje daban yake. Ku dubi jan nan don Allah. Ina tattasanmu zai yi irin wannan ja?"

Ko tayi ba ta yi ba, nan take ta tura kuɗi ta waya. Ta kuma kira yarinyar ta ja mata kunne cewa ta riƙa kallon irin waɗannan tana koyo, ko Allah zai sa wata rana nata ya kai haka. Tattasan da aka kwaikwaya kuwa, a lambun mijinta aka tsinko shi. Har lefe kayan suka shiga. A wurin gani wata inna ta auna furen bado a tafin hannu ta tambaya giram nawa ne, aka ce mata wannan sabon shigowa ne ba a auna shi, ta ce dama ta ga alama, ai araha ba ta ado.

Kada maza su yi dariya, namu ya fi muni. Duk Juma'a da asuba akwai Alhajin da zai cika maka waya da hoton furanni, raɓa na ɗiga, addu'a a ƙasa. Je ka ƙofar gidansa. Bishiyar maina ɗaya tilo da mahaifinsa ya shuka ya sare ta ya fitar da shago, yanzu a inuwar tankin ruwa yake hira. Falonsa cike da furen roba da ake wankewa duk Sallah. A bikin 'yarsa ciyawar roba aka shimfiɗa, alhali ciyawar gaske, wato kacala, ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru har manoma da masunta sun rasa yadda za su yi da ita. Na tabbata da za a yanko kan kacala a fesa masa ruwan gwal a ce daga Turkiyya yake, kafin wata damina an share fadamar nan tas ba tare da an ba kowa kwangila ba.

Ga Dagona nan kusa da Gashuwa, inda tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai duk hunturu su sauka, ba biza ba fasfo. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya tako har can don ya gan su. A 2000 kuma aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Tambayi ɗan gari ko ya taɓa zuwa, zai ce maka, "In je in ga me, tsuntsu?" Manomin gero da shinkafa yana da uzuri, shi tsuntsun da ya sani jan-baki ne, kuma babu zumunci a tsakaninsu. Mu 'yan cikin gari fa, da muke sayen tsuntsun roba muna ratayawa a madubin mota?

Halin ba yau ya fara ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930 muke loda gyaɗa da fata da ƙaro ana tafiya da su, ƙaron ya shiga lemon kwalba da alewa ya dawo mana, mu saya muna yaba basirar Bature. Tsohuwa mai saƙa faifai da kaba za ta yini a kasuwa ana taya mata kuɗin da bai kai na ƙosai ba, a ƙarshe a nemi gyara. Faifan nan kuma in muka gan shi manne a bangon otal a Abuja, sai mu gyara hula mu tsaya a gabansa a ɗauke mu hoto.

Abin da ke gaba kowa ya san shi. Unguwa ta fara gano bakin zaren, gida-gida ana tara kwalba da reza, wadda ta kalli bidiyo biyu ta buɗe ajin koyarwa har da satifiket. Da zaɓe ya matso za a kafa rumfa a tara 'yan mata, a miƙa wa kowacce guntu ɗaya ana ɗaukar hoto, a ce an kawar da zaman banza. Daga nan tattasan Dubai zai cika gari ya faɗi warwas, kowa ya kama neman wani yayin.

Kafin a kai can ina da saƙo. Littafin bashin nan yanzu yana hannuna, domin yarinya ta kawo min ƙara ta ce, "Kawu, kai suke jin nauyi." Duk wadda ta san ta karɓi tattasai ko albasa ko bado a zamanin faranti, ta aiko da kuɗin kafin Sallah, a tsohon farashi, ba za a ƙara mata ko sisi ba. Wadda ta ƙi, sunanta da adadin abin da ta kwasa za su fito a wannan shafi. Hajiya Goggo, da ke za a fara, uku ne.